Alkawarin da Na Yi wa Wak Ani

Mutumin da ya ce zai tarye ni a filin jirgin Kuala Lumpur bai zo ba. Ɗan ƙasarmu ne, wata ƙawata ce ta haɗa mu ta waya tun ina Rurum. Ya ce in riƙa kiransa Yaya, ya ce ya kama mini ɗaki kusa da makaranta, har hoton gado da labule ya turo. Baba ya sayar da shinkafar da ya noma aka tura masa kuɗin haya. Na fito da akwatina na tsaya inda ya ce in tsaya, na kira lambarsa, sai wata murya ta yi mini magana da yaren da ban sani ba. Na sake kira. Na yi ta kira har wayar ta mutu a hannuna.

Wata mai shara ce ta lura da ni. Ta wuce da tsintsiyarta ta dawo, ta sake wucewa ta dawo, ina nan zaune a kan akwati. Ta dubi hijabina ta yi mini sallama, na amsa, sai hawaye. Ba ta jin Turanci sosai, ni kuma ko kalma ɗaya ta yarensu ban sani ba. Ta ja ni zuwa masallacin mata, ta sa mini waya a caji, ta kwance shinkafarta da ke ƙunshe a ganyen ayaba ta raba biyu. Da na yi salla na ci, ta raka ni har bakin motar da ke zuwa unguwar makarantarmu, ta yi wa direban bayani da hannu da baki. Ban tambayi sunanta ba. Sai da mota ta tashi na tuna.

Sunana Hajara. Mahaifina manomi ne a Rurum Tsohon Gari, mahaifiyata Bafulatana ce daga Nariya ta ƙasar Kibiya. Zanen gine-gine na karanta, kuma tallafin karatu ne ya kai ni Maleshiya yin digiri na biyu. Ban gaya wa Baba abin da Yayan nan ya yi ba sai bayan na dawo. Duk lokacin da ya tambaye ni ɗakin da aka kama mini, sai in ce lafiya lau.

Ɗakin da na samu daga baya yana can ƙololuwar wani dogon bene, ni da wata ɗaliba 'yar Sudan. In ka leƙa taga sai ka ga motoci kamar ƙwari. Ba tsakar gida, ba inda za ka shimfiɗa tabarma ka ga sama, wanki ma a jikin ƙarfen taga ake shanyawa. Maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa mun yi watanni ban san fuskarsa ba. Da asuba nakan farka ina jiran ƙarar turmi da kukan baburan da ke ɗaukar mutane zuwa Rano, sai in ji fanka kawai. Nakan kira Umma in ce ta ajiye wayar a tsakar gida kada ta kashe, in ji kaji da muryar ƙannena. Tana yi mini dariya, amma tana ajiyewa.

A shekarata ta biyu malamar da ke duba aikina, mace mai kirki da ba ta ɗaga murya, ta kira ni ofis. Ta ce akwai wani ƙauye a cikin duwatsu na mutanen da ake kira Orang Asli, wato 'yan asalin ƙasar, waɗanda suke zaune a dazuzzukan nan tun kafin a kafa birane. Wata ƙungiyar agaji za ta gina musu gidaje, kuma an ba makarantarmu aikin zane. Ta ce sau da yawa ana gina wa irin waɗannan mutane gidaje su ƙi shiga, don ba wanda ya tambaye su yadda suke zama.

"Ke 'yar ƙauye ce," in ji ta. "Kin san yadda ake zama da mutane. Ki je ki zauna da su, ki gani da idonki, sannan ki zana."

Na ji daɗin maganar har cikin raina. Ranar ce farko da wani ya kira ni 'yar ƙauye na ɗauka yabo ne.

Mun bar kwalta muka shiga gonakin kwakwar manja da ba su da iyaka, daga nan muka hau wata hanya mai laka da ke nannaɗe dutse. Duwatsun Rano da nake taƙama da su sai suka zama kamar tsibin ƙasa. Ƙauyen yana matse ne tsakanin rafi da shingen gonar wani kamfani. Gidajen duka a sama suke, a kan dirkoki, da tsani ake hawa. Bango gora ce da aka saƙa, daɓen ma gora ce da aka tsaga aka jera, rufi kuma ganyen wani irin kaba.

Wadda ta karɓe ni sunanta Rina, mace mai 'ya'ya uku, ta taɓa aikin asibiti a gari don haka tana jin Turanci. Ita ce ta zama bakina da kunnena. Ta kai ni gidan mahaifiyarta, Wak Ani, ta ce a nan zan sauka. Wak Ani tsohuwa ce ƙarama, siririya, bakinta ja saboda wani ganye da take taunawa. Ita ce unguwarzomar ƙauyen, kusan duk wanda ke tafiya a wurin ita ta yanke masa cibiya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kama hannuna ta murza fatar da yatsa ta duba yatsan, mata suka kwashe da dariya. Ta ce wani abu.

"Ta ce baƙin ba ya fita," in ji Rina, tana jin kunya.

Na ce, "Gaya mata kakata ma ta gwada da sabulu, ta haƙura."

Tun daga nan muka shirya.

Kwanakin farko na sha wuya. Matsattsaku suka sha jinina a hanyar rafi, cikina ya ɓaci, ga ruwan sama da ba ya gajiya. Ina tsoron daɓen gora, ina takawa a hankali kamar zai karye da ni. Su ba Musulmi ba ne, amma Wak Ani da ta gane akwai naman da ba na ci sai ta ware mini tukunya, ta hana kowa taɓawa. In na tayar da salla takan kori jikokinta daga gabana. Wata rana da yamma ta tura rogo cikin toka, ya gasu, ta ɓare ta miƙo mini. Ina kai shi baki sai ga ni a gonar Baba a ƙarshen damina. Na juya baya ina ci ina kuka. Wak Ani ta ƙara tura wani cikin wuta.

A hankali na fara ganin gidan. Iska tana shigowa ta ƙarƙashin daɓe, shi ya sa ko da rana tsaka ɗakin da sanyi. In an yi shara, ƙura ta tsakanin gorar take zuba, kaji su tsince a ƙasa. Murhu yana cikin ɗaki, kuma a nan rayuwar gidan take: a nan ake hira, a nan ake gasa mai jego, hayaƙin kuma yana korar sauro yana hana ƙwari cin rufi. Ba ɗakuna a rarrabe, sai fili ɗaya da kowa ya san kusurwarsa. In ɗa ya yi aure sai a ƙara dirkoki a gefe a faɗaɗa. Gidajen ba a layi suke ba, kowace uwa ƙofarta tana kallon ta 'yarta. Wannan ya tuna mini rugar su Dada, kakata ta wajen uwa, inda baƙo zai ga bukkoki a warwatse, alhali kowacce da dalilin da ya sa take inda take.

Ba wai gidajen ba su da matsala ba. Dirkoki suna ruɓewa, rufi yana yoyo, kabar ma ta yi wuyar samu tunda gonar kamfani ta cinye dajin. Matan suna son banɗaki kusa, suna son inda za su ajiye littattafan yara ruwa bai jiƙa ba. Na zauna da su gida gida. Ba na zuwa da takarda, don na lura takarda tana sa su yin shiru. Da tsinken gora da kwali muke haɗa ɗan ƙaramin gida, su ɗaga wannan su matsar da wancan, su yi ta gardama a kai har su manta ina wurin. A ƙarshe muka tsaya a kan gida mai ƙafafun siminti don kada ya ruɓe, daɓe da bango na gora, rufi mai tsayi da ƙofar hayaƙi, murhu a ciki, gefe ɗaya kuma a bar shi yadda za a iya faɗaɗawa. Kowane gida zai tsaya inda tsohon yake.

A nan matsalar take. Filin ba shi da yawa, dole sai an rushe tsofaffin kafin a gina sababbi, mutane su zauna a rumfuna na ɗan lokaci. Aka tara ƙauyen. Malamata ta zo, ɗan kwangilar da ƙungiyar ta ɗauka shi ma ya zo, mutum mai fara'a, ya kawo wa yara alewa, ya ɗauki ɗan gidan kwalinmu yana juyawa yana yabo. Daga mai garin har sauran maza, kowa Wak Ani yake kallo.

Ta yi magana a hankali, Rina tana fassarawa. Ta ce ta taɓa zuwa wani ƙauye a gangare inda aka gina wa danginta akwatunan siminti, ta kwana ɗaya ta gudo. Ta ce mutanen gari sun iya magana, ta ji irinta da yawa. Sannan ta juyo gare ni.

"Ta ce ke ba 'yar nan ba ce," in ji Rina. "Ba ki da gona a nan, ba ki da abin da za ki ci da mu. Ta ce ke ki faɗa mata, wannan na kwalin shi za a gina?"

Na dubi malamata, ta gyaɗa kai. Na dubi ɗan kwangila, ya ɗora hannu a ƙirji. Na ce, "Ni na zana shi tare da ku, kuma shi za a gina. Na yi alkawari."

Rina ta ɗan tsaya. "In faɗa mata har da alkawarin?"

"Faɗa mata."

Ta faɗa. Wak Ani ta tofar da ganyen bakinta ta tsakanin gora, ta ce to. Da ta ce to, ƙauyen duka ya ce to.

Na koma birni rubuta kundin digirina. Ɗan kwangilar yana turo mana hotuna: ga ƙafafun siminti, ga gora ana jerawa, ga rufi ya hau. Gidan ya fito yadda muka tsara, har ya fi na kwalin kyau. Na tura wa Umma hoton, ta kai wa Baba gona ya gani. Na so in koma in duba, ɗan kwangilar ya ce ruwa ya cinye hanya, motar kaya ma da ƙyar take shiga, in bari a gama in zo buki. Ƙauyen ba sabis, sai an hau dutse. Sau ɗaya Rina ta same ni, muryarta tana yankewa.

"Hajara, suna zuba siminti a ƙasa. Ƙafafun daga baya za a sa?"

Na kira ɗan kwangila. Ya yi dariya ya ce wurin ajiye kayan aiki ne suke daɓewa, mutanen daji ba su san gini ba. Na tura wa Rina saƙo na ce ta kwantar da hankalinta. Wani abu ya ɗan tsaya mini a rai, amma ranar kare kundina ta matso, na ce in na gama zan je.

Na kare kundin, malamai suka yaba, aka tafa mini. Washegari na hau mota ban gaya wa kowa ba.

Hanya lafiyarta ƙalau. A bakin ƙauyen na ga gidan da ke cikin hotuna, shi kaɗai, an share gabansa an dasa furanni, ƙofarsa da kwaɗo. Na wuce shi. Bayansa sai ga layi biyu na ɗakunan bulo a ƙasa, rufin kwano gajere, taga ƙarama, kowanne da lamba a goshi. Ba dirka ko ɗaya. Ba gidan da ke kallon wani, duka hanya suke kallo. Inda gidan Wak Ani yake a da, katafila ta baje shi ya zama wurin juya mota.

Yaran da suka saba rugowa su riƙe mini jaka suka tsaya daga nesa suna kallo. Wani mutum da na sha cin abinci a gidansa ya gan ni, ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Rina ce ta fito. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba.

"Kin zo," ta ce.

"Rina, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Zo ki gan ta."

An raba gidajen ne da ƙuri'a, don haka Wak Ani ta faɗo a ƙarshen layi ɗaya, ƙanwarta a ƙarshen ɗayan. Rina da yaranta suka tare wurin tsohuwar. Na shiga ɗakin, zafi ya buge ni kamar an buɗe tanda. Bango ya yi baƙi a kusurwa inda suka gwada hura wuta hayaƙi ya kore su. Ita tana baya, a ƙarƙashin wata 'yar rumfar leda, tana zaune a kan guntun tsohon daɓenta da ta ciro kafin katafila ta iso. Ta rame, tana tari.

Na durƙusa. Na ce wa Rina, "Ce mata ta yafe mini."

Wak Ani ta saurara, ta daɗe tana kallona. Sannan ta yi tambaya.

"Ta ce, a garinku irin wannan kuke kwana?"

"A'a. Wasu dai. Namu na ƙasa ne, da fili a tsakiya."

"Ta ce ta yi zaton ko irin naku ne kika kawo mata, don kina kewar gida. Ta ce da haka ne da ta gane."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na kifa kai a gwiwa. Sai na ji hannunta a bayana tana bubbugawa, kamar ni aka rushe wa gida.

Na koma birni da wuta a cikina. Malamata da ta ga hotunan da na ɗauko sai ta cire tabarau ta rufe fuska. Muka je ƙungiyar, suka ce su gidan bakin hanya aka nuna musu, za su bincika. Na je ofishin ɗan kwangilar, ya sa aka kawo mini shayi. Ya ce gora ba ta da ƙarko, ya ce in ba shi shekara biyu mutanen nan da kansu za su gode masa, ya ce ni baƙuwa ce, ban san ƙasar ba. Da na ɗaga murya sai ya tambaye ni, cikin fara'ar nan tasa, yaushe bizata za ta ƙare. Ya san amsar. Saura 'yan makonni.

Malamata ta ce, "Ba laifinki ba ne, Hajara. Ni ma na gyaɗa kai." Abokiyar ɗakina ma haka ta ce. Na san gaskiya suke faɗa. Amma ba malamata Wak Ani ta tambaya ba, ba kuma ɗan kwangila ba. Ta tsallake su duka ta tambaye ni, don ni ce na ci rogonta.

Makonnin da suka rage a ƙauyen na yi su. Ni da Rina da mijin ƙanwarta muka shiga daji saran gora, muka kafa wa Wak Ani ɗan ɗaki a kan dirkoki a bayan na bulon, da murhu a ciki. Ban iya sara ba, hannuwana suka faffashe, gora ta yanke ni a tafi har yau da tabo. Maƙwabta suka fara leƙowa, wasu suka kama mana, wasu suka fara kafa nasu. Mutumin da ya rufe mini ƙofa bai taɓa yi mini magana ba har na tafi, amma wata safiya na tarar da ɗaurin igiyar daji a inda muke aiki, Rina ta ce shi ya ajiye.

Ranar da muka hura wuta a sabon murhun, Wak Ani ta hau tsanin da kanta, ta zauna, ta miƙe ƙafa, iska tana taso mata ta ƙasa. Ta yi wata doguwar magana tana nuna ɗakin bulon da haɓa. Rina ba ta fassara ba. Sai da muka sauka rafi wanke hannu na matsa mata.

Ta ce, "A al'adarmu ta da, in mutum ya mutu a cikin gida, barin gidan ake yi. A tashi a kafa wani, daji ya cinye tsohon. Gora ce, ba a asarar komai. Yanzu matasa ba su damu sosai ba, amma ita ta damu. Tana cewa in ta mutu a cikin na bulon, ina za mu je? Ba a barinsa, ba a ɗaga shi, ba kuma filin da za a kafa wani."

Na yi watanni a gidan matar nan, na auna komai har tsayin tsaninta, ban taɓa jin wannan ba. Na tambayi yadda suke dafuwa, yadda suke barci, yadda suke haihuwa. Ban tambayi yadda suke mutuwa ba.

Da zan tafi ta ba ni 'yar jakar da ta saƙa da ganye. Ta ce in gaida kakata mai sabulu.

Na dawo Rurum da digiri. Aka yi ta zuwa barka, Baba yana nuna wa mutane hoton gidan bakin hanya yana cewa 'yarsa ce ta zana wa mutanen wata ƙasa. Na kasa ce masa ya daina. Na samu aikin koyarwa, ina zuwa Kano ina dawowa ƙarshen mako.

Bayan kaka Kawu Buba, yayan Umma, ya aiko in je Nariya. Sun daina tashi da shanu, sun kama noma, yana so ya yi gini na zama, ya ce tunda ga mai ilimin abin a gida ba zai nemi bare ba. Na hau babur na tafi. Ya zagaya da ni filin yana nuna inda yake son ɗakuna a jere, da kwano, irin na bakin titi. Dada tana zaune a ƙofar bukkarta tana gyaran ƙwarya, ba wanda ya tambaye ta komai. Na ce wa Kawu ya ba ni lokaci, zan zo in kwana biyu tukuna. Ya ce zane ne fa kawai. Na ce na sani, Kawu, a yi mini haƙuri.

Ina zaune kusa da Dada da la'asar, shanu suna dawowa, saƙon Rina ya shigo. Wak Ani ta rasu. Tarin ne ya ci ƙarfinta. Da ta ji jikinta ya yi nauyi sai ta hana a kwantar da ita a ɗakin bulo, ta ƙi na gorar ma da muka kafa, ta ce ya manne da gidan yara. Ta sa aka ɗauke ta aka kai ta wata 'yar bukka a gonar rogo, can bakin daji. A can ta yi kwanakinta na ƙarshe, ana ruwa.

Na ajiye wayar a kan tabarma. Dada ta dube ni ta ce, "Lafiya, Hajara?"

Na ba ta labari, tun daga rogon har katafila. Ban taɓa gaya wa kowa a gida duka ba sai ita. Ta saurara ba ta katse ni ba, hannunta yana kan ƙwarya.

"Wa ke wurinta da ta cika?"

"'Yarta."

"To, ba ta tafi ita kaɗai ba." Ta ajiye ƙwaryar. "Kin yi musu gaisuwa?"

"Dada, da wane baki?"

"Da wanda kika ci abincinsu. Tashi ki kira yarinyar nan. Kukanki ba gaisuwa ba ne."

Na tashi na hau kan wani ɗan tudu bayan garke inda sabis ya fi kamawa. Na yi sa'a Rina tana gari, wayar ta shiga. Na yi mata gaisuwa yadda muke yi, na ce Allah ya ba su haƙuri, ta ce ta gode. Ta ce an binne ta kusa da mijinta, mutane sun zo daga ƙauyuka da yawa, duk waɗanda ta karɓi haihuwarsu. Ta tambayi Umma da Baba. Ina jin motoci a bayanta, ita kuma tana jin kukan shanu a bayana.

Na ce, "Rina, gidan fa?"

"Yana nan," ta ce. "Muna ciki, ni da yara. Abin da ta so ke nan." Ta ja numfashi. "Da zafi dai, Hajara. Amma muna ciki."